Chari Maigumeri: Samanjan da ya yi wa Jamus yaƙi, ya dawo ya yaƙe ta a ƙarƙashin tutar Ingila

A tarihin aikin soja a Nijeriya da wuya a samu mutumin da rayuwarsa ta yi kwana-kwana irin ta Chari Maigumeri. Ya fara riƙe bindiga yana yaro a rundunar Jamus ta Kamaru, ya yi ta harbin sojojin Ingila har Jamusawa suka ba shi lambar yabo. Ingila ta kama shi a fagen daga, bayan shekara biyu ta sa masa kakinta, ya yi mata aiki shekara 36.

A cikin waɗannan shekaru ya yaƙi Jamusawa a Gabashin Afirka, ya yaƙi Italiyawa a Somaliya da Habasha, sannan ya yaƙi Japanawa a dazukan Bama, wato ƙasar Myanmar ta yau, ba garin Bama na Borno ba.

Wanda ya bi sawunsa ya bi sawun bataliyoyin Nigeria Regiment ke nan, rundunar sojan ƙasa da Turawan Ingila suka kafa, suka cika ta da 'ya'yan Arewa da na ƙasashen maƙwabta, suka riƙa aika ta duk inda daularsu ta shiga uku.

Yaron Borno a zamanin rabon ƙasa

Chari mutumin ƙasar Borno ne. A aikin sojan wancan zamani akan rubuta kurtu da sunansa da sunan garinsu, shi ya sa rajistar rundunar ta cika da su wane Katsina, wane Sakkwato, wane Bauci. Nasa sunan yana nuni ga Magumeri, garin da ke arewa maso yamma da Maiduguri.

Ya buɗe ido ne a lokacin da Borno ba ta san inda ta dosa ba. Rabeh ya ci daular a 1893 ya kafa hedikwatarsa a Dikwa. Faransawa suka kashe shi a Kusuri a watan Afrilun 1900. Daga nan Turawa uku suka yanka ƙasar kamar nama a faifai: Ingila ta ɗauki kaso mafi girma, Faransa ta ɗauki nata, Dikwa da kewayenta suka faɗa hannun Jamus, aka haɗa su da Kamaru.

Wannan ne ya sa ba abin mamaki ba ne ɗan Borno ya zama sojan Jamus. Iyakar sabuwa ce, a takarda take, kasuwanni da dangi kuwa suna nan yadda suke. Saurayin da ke neman abin yi zai iya samun barikin Jamus ya fi masa kusa da na Ingila. Chari ya shiga rundunar Jamus ta Kamaru, wadda ake kira Schutztruppe, yana ɗan shekara 16, gab da ɓarkewar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Hafsoshinta Jamusawa ne, masu riƙe bindiga kuwa baƙar fata.

Garwa

Da yaƙi ya tashi a Turai a watan Agustan 1914, bai ɗauki wata guda ba ya iso bakin kogin Binuwai. Sojojin Ingila suka taso daga Yola a ƙarƙashin Laftanar Kanar Maclear suka nufi Garwa, babban sansanin Jamus a arewacin Kamaru. A ƙarshen watan suka kai hari da dare, suka ƙwace ɗaya daga cikin ganuwoyin tsaron. Gari na wayewa sojojin Jamus suka juyo musu da bindigogi masu jigida. Aka kashe Maclear da wasu hafsoshinsa, saura suka ja da baya zuwa Yola.

Wannan kaye ya yi wa Ingila ciwo, domin a zatonta Kamaru cin tuwo ce. Kwamandan Garwa, Kyaftin von Crailsheim, ya yi amfani da watannin da suka biyo baya ya ƙara ƙarfafa wurin da ramuka da waya mai ƙaya. Har ma ya samu ƙarfin halin tsallakowa cikin Nijeriya, ya kai hari Gurin a watan Afrilun 1915.

A wannan fage na arewacin Kamaru ne Chari ya fara yin suna. Tarihin rundunar Nijeriya ya ajiye cewa Jamusawa sun ba shi lambar Iron Cross mai daraja ta biyu saboda jarumtar da ya nuna a kan sojojin Ingila.

Karo na biyu Ingila ba ta zo ita kaɗai ba. Kanar Cunliffe ya haɗa ƙarfi da Faransawa, aka jawo manyan igwa, ciki har da ta jirgin ruwan yaƙi da aka hauro da ita ta Binuwai. Daga ƙarshen watan Mayun 1915 aka yi wa Garwa zobe ana yi mata ruwan harsashi. Sojojin baƙar fata da ke ciki suka fara watsewa, wasu suka faɗa kogi ruwa ya ci su. Ranar 10 ga Yunin 1915 Garwa ta miƙa wuya. Chari na cikin waɗanda aka kama.

Yaƙin Kamaru ya ci gaba ba tare da shi ba. Yawancin Jamusawa suka tsere kudu zuwa yankin da Sifaniya ke mulka, sansaninsu na ƙarshe a kan dutsen Mora ya sallama a watan Fabrairun 1916. Rundunar da ta koya wa Chari aikin soja ta daina wanzuwa ke nan.

Gidan da ya koma

A 1917 ya shiga rundunar Ingila. Ba shi kaɗai ya yi haka ba, tsofaffin sojojin Jamus da dama sun canja kaki, Ingila kuma ta karɓe su hannu bibbiyu domin tana bukatar waɗanda suka san ƙanshin albarushi.

Ya kamata mai karatu ya san wane irin gida ne ya shiga. Asalinsa yana komawa ga 1863, lokacin da wani hafsan jirgin ruwa mai suna John Glover ya tara wasu Hausawa a Legas ya ba su bindigogi, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. A ƙarshen ƙarni na 19 Lugard ya kafa rundunar West African Frontier Force, wadda ake taƙaitawa WAFF. Ita ce ta fasa ganuwar Kano a watan Fabrairun 1903, ta ci Sakkwato a watan Maris, ta kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a watan Yuli, ta kuma shafe Satiru a 1906. Hafsoshin da suka ba da umarni Turawa ne, amma yatsun da suka ja kunama na 'yan ƙasa ne. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma duk wanda zai yabi mazajen wannan runduna sai ya haɗiye ta tukuna.

Da aka haɗe Kudu da Arewa a ranar 1 ga Janairun 1914, aka haɗe sojojinsu su ma suka zama Nigeria Regiment mai bataliya biyar, ta biyar ɗin ta mahaya dawaki ce.

Harshen aiki a rundunar Hausa ne. Da ita ake ba da umarni, da ita ake zagi, dole Baturen hafsa ya koye ta. Babarbare da Bazabarme da Batibi duk da ita suke magana da juna, daga nan ne aka samu irin Hausar da ake kira Barikanci. Cikin kurata akwai waɗanda suka tsallako daga ƙasar Zabarma da ƙasar Hausa ta ɓangaren Faransa, wasu neman kuɗi ya kawo su, wasu kuma gudun kamun soja da aikin tilas na Faransawa.

A shekarar da Chari ya sa wannan kaki, rundunar ta taka ƙasar da yau ake kira Nijar. A watan Disambar 1916 Kawsan da mayaƙansa na Abzinawa suka yi wa sansanin Faransa na Agadas ƙawanya, da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama. Faransa ta rasa isassun sojoji, ta nemi agajin Ingila. A farkon 1917 sojojin Nigeria Regiment suka taso daga Kano da Sakkwato suka tsallaka iyaka zuwa Tasawa da Madawa, wadda yau take cikin jihar Tawa. Aikinsu shi ne su riƙe kudu domin Faransawa su samu sukunin tura nasu sojojin arewa. Ingila ma tana da nata tsoron, kada wutar ta gangaro ta Adar ta kama ƙasar Sakkwato. Faransawa suka karya ƙawanyar Agadas a farkon watan Maris na 1917, abin da suka yi wa mutanen Abzin bayan nan kuwa har yau ba a manta ba.

Fuska da fuska da tsofaffin iyayen gida

Babban aikin rundunar a lokacin yana can nesa, a ƙasar da yau ake kira Tanzaniya. Kwamandan Jamus a wurin, Paul von Lettow-Vorbeck, ya ƙi kamuwa, yana ta yawo da abokan gaba a cikin daji. A ƙarshen 1916 aka ɗebi bataliyoyi huɗu na Nijeriya aka yi birged guda da su a ƙarƙashin Cunliffe, wanda ya ci Garwa, aka zuba su a jirgin ruwa zuwa Darussalam.

Abin da ya fara cin su yunwa ce. Damina ta same su a kwarin kogin Rufiji a farkon 1917, hanyoyi suka yanke, abinci ya daina isowa. Sojoji suka koma cin naman dorina da saiwoyin daji, wasu suka ci masu dafi suka mutu. A watan Oktoba kuma aka yi karon Mahiwa, ɗaya daga cikin mafiya muni a duk yaƙin Gabashin Afirka, inda Jamusawa suka rutsa da birged ɗin suka yi masa mummunar ɓarna.

Wannan fage aka kawo Chari. Sojojin da ke gabansa kakinsu irin wanda ya cire ne, umarnin da ake ba su da harshen da aka horar da shi ne, dabarun da suke yi kuwa shi ma an koya masa su. Ya yaƙe su, ya kuma yi fice.

A nan ne mutane kan rabu a kansa. Wani zai ce wanda ya yi wa sarki biyu masu gaba da juna yaƙi ba shi da alƙibla. Amma a duba da kyau: Kaisar na Jamus da Sarki Joji na Ingila duk baƙi ne a wurinsa, ba wanda ya tambayi mutanen Borno kafin ya raba ƙasarsu. Abin da Chari ya riƙe shi ne sana'ar, ya kuma riƙe ta da gaske a duk inda ya samu kansa. Wanda ya taɓa barin gida ya yi wa wata ƙasa aiki da ƙarfinsa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Birged ɗin ya dawo gida a farkon 1918. Ko hutawa ba su gama yi ba aka tura wasu daga cikinsu ƙasar Egba a watan Yuni su murƙushe boren haraji da ake kira yaƙin Adubi. Irin aikin da rundunar ke yi ke nan idan ba ta ƙetare.

Samanja

Tsakanin yaƙe-yaƙen biyu Chari ya yi ta hawa, daga saje zuwa samanjan kamfani, har a ƙarshen shekarun 1920 ya zama babban samanja na Bataliya ta 3. A daidai wannan lokaci, a 1928, Sarkin Ingila ya ƙara wa rundunar laƙabin sarauta ta koma RWAFF.

Matasan yau da yawa sun san kalmar samanja ne ta wasan kwaikwayon Samanja Mazan Fama na marigayi Usman Baba Pategi, mai gashin baki da tsawa da Hausar bariki. Na gaskiyar ya fi haka nauyi. Shi ne gadar da ke tsakanin hafsoshi Turawa da ɗaruruwan sojoji. Turawa suna zuwa su yi 'yan shekaru su koma, shi yana nan. Shi ya san wane kofur ne za a iya dogara da shi, wane kurtu ne ke shirin gudu, wace rigima ce ta taso a layin matan soja. Sabon hafsa da ya zo daga Ingila ba ya jin Hausa, a hannunsa yake koyon aikin, ko da ba zai faɗa ba.

Duk da haka akwai rufin da ba ya fasuwa. Baƙar fata ba ya zama hafsa. Sajan Bature da ya sauka daga jirgi jiya, a tsarin rundunar, yana gaba da samanjan da ya yi shekara 20 yana aiki. Sojoji suna fareti da jar dara da jar 'yar shara da ɗamara, abin sha'awa a hoto, amma ƙafarsu ba takalmi. Sai a Yaƙin Duniya na Biyu takalmi ya zama na kowa. Albashin farabiti a lokacin wannan yaƙi sule ɗaya ne a rana.

Daga Mogadishu zuwa Harar

Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu ranar 10 ga Yunin 1940, shekara 25 cif da faɗuwar Garwa. Tana riƙe da Habasha da Eritiriya da kudancin Somaliya, da sojoji masu yawan gaske, Kenya ta Ingila kuwa kusan a buɗe take. Aka ɗebi Bataliya ta 1 da ta 2 da ta 3 na Nijeriya aka tura su can, aka kira su Birged na 23, a ƙarƙashin Birgediya Smallwood. Chari, wanda ya haura shekara 40, yana tare da bataliyarsa.

A watan Fabrairun 1941 Janar Alan Cunningham ya ba da umarnin shiga Somaliya. Da aka karya tsaron Italiyawa a kogin Juba, aka sa birged ɗin Nijeriya a gaba cikin motoci. Ranar 25 ga Fabrairu suka shiga Mogadishu. Man fetur ɗin da Italiyawa suka gudu suka bari a birnin shi ya ba da damar abin da ya biyo baya.

A farkon Maris suka juya arewa suka ratsa hamadar Ogaden. Ranar 17 ga wata suna Jijiga. A gabansu akwai duwatsu da mashigar Marda, inda Italiyawa suka kafa igwa suna jira. 'Yan Nijeriya suka hau duwatsun da ƙafa ranar 21 ga Maris, da dare abokan gaba suka janye. Aka sake gwabzawa a mashigar Babile, kafin ƙarshen wata Harar ta faɗi. Daga Mogadishu zuwa Harar kimanin kilomita 1,300 ne, sun cinye shi cikin kusan wata guda, tafiyar da masana tarihin soja ke lissafawa cikin mafiya sauri a duk yaƙin.

Addis Ababa ta faɗi ranar 6 ga Afrilu, Sarki Haile Selassie ya koma birninsa ranar 5 ga Mayu. 'Yan Nijeriya suka ci gaba da bin ragowar Italiyawa kudu maso yamma har suka tsallake kogin Omo a watan Yuni, cikin damina da taɓo. A wannan yaƙi na Habasha ne aka ba Chari lambar jarumta ta Military Medal. Yanzu yana da yabon Jamus da na Ingila, a kan aiki iri ɗaya.

Akwai abin lura a nan. Habasha ita ce ƙasar Afirka ta farko da aka ƙwato daga hannun 'yan mamaya a wannan yaƙi, kuma cikin waɗanda suka ƙwato ta har da sojojin da ƙasashensu ke ƙarƙashin mulkin mallaka. Su da kansu sun ga wannan, wasunsu kuma sun dawo gida da tambayoyi.

Iyakar Ƙonni ta tsayar da su

Ba a bar su sun daɗe a can ba, a cikin 1941 aka maido su gida. Dalilin yana arewa da Sakkwato da Katsina. Bayan Jamus ta ci Faransa a watan Yunin 1940, Gwamna Janar Pierre Boisson da ke Dakar ya bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Hitler. Chadi, a ƙarƙashin Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle, amma Nijar ta zauna a ɓangaren Vichy.

Dare ɗaya iyakar da ta ratsa ƙasar Hausa, daga Birnin Ƙonni zuwa Maraɗi zuwa Damagaram, ta zama iyakar ɓangarori biyu masu zaman doya da manja. Aka tsananta tsaro, fatake da 'yan ci-rani na Adar da Gobir da suka saba gangarawa Sakkwato da Kano suka koma bin ɓarauniyar hanya. Ingila ta ji tsoron a kawo mata hari ta nan, don haka ta tsare bataliyoyinta a gida, ta kuma buɗe sababbi.

Sai a watan Nuwamban 1942, bayan sojojin Amurka da Ingila sun sauka a Maroko da Aljeriya, Boisson ya juya ya bi ƙawancen. Barazanar ta kau. Janar George Giffard, wanda ya daɗe yana shugabantar sojojin Afirka ta Yamma, ya ga yana da dubban horarrun sojoji ba aikin yi, Ingila kuwa tana shan kashi a hannun Japan. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 da Runduna ta 82, aka nufi Indiya da su. Da iyakar Ƙonni ba ta yi sanyi ba, da wuya a ce an kwashe su zuwa Asiya a lokacin.

Bama

A nan bataliyoyin Nijeriya suka rarrabu. Ta 4 ta bi Runduna ta 81 zuwa kwarin kogin Kaladan, tare da sojojin Gambiya da Saliyo da Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Ta 6 da ta 7 da ta 12 aka ware su aka ba dakarun Chindit na Janar Orde Wingate, waɗanda aka sauke da jiragen sama a bayan layin Japanawa a 1944. Ta 1 da ta 2 da ta 3, mazajen Habasha, tare da ta 5 da ta 9 da ta 10, suka shiga Runduna ta 82.

Turawan da suka tsara abin sun ɗauka duk baƙar fata ɗan kurmi ne. Alhali yawancin sojojin ƙafa 'yan Arewa ne, mutanen fili da sarari, waɗanda ba su taɓa ganin daji irin na Arakan ba: tsaunuka masu tsayi, gora mai kauri da sai an sara ake wucewa, koguna birjik, matsattsaku da zazzaɓi. Mota ba ta shiga. Abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo su da laima, daga nan kuma wasu sojoji na musamman, 'yan dako, su ɗora a ka su bi masu bindiga. Wannan ɗaukar kaya a ka ita ce ta ba rundunonin biyu damar bi ta inda Japanawa ba su zata ba, ko da yake ba kasafai ake tuna waɗanda suka yi ta ba.

Arakan ita ce jihar Rakhine da ake ji a labarai yau, ƙasar Musulmin Rohingya. Runduna ta 82 ta fara aiki a can a watan Disambar 1944, ta karɓe Buthidaung, ta gangara kudu. A ƙarshen Janairun 1945 ta haɗu da Runduna ta 81 suka ƙwace Myohaung, tsohon babban birnin masarautar Arakan. Daga nan 81 ta koma Indiya, 82 ta ci gaba ta Dalet da Tamandu da hanyar An, inda Japanawa suka yi turjiya mai tsanani, har zuwa Taungup. Waɗanda aka kashe ko aka raunata ko suka ɓace a rundunar sun haura 2,000, adadin da ya fi na kowace runduna da ta yi wannan zagaye na yaƙin Arakan tare da ita.

Chari ya yi wannan yaƙi yana dab da shekara 50, cikin samarin da ba a haife su ba lokacin da aka kama shi a Garwa. An ambaci sunansa a rahoton yabo na kwamandoji, a 1944 kuma aka ba shi lambar British Empire Medal saboda daɗewa da nagartar aiki.

Waɗanda ba su dawo ba, kaburburan wasunsu da sunayen waɗanda ba a ga gawarsu ba suna maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon. Mai ziyara zai karanta sunayen Hausawa da na garuruwan Arewa a jikin dutse. Waɗanda suka tsira an dawo da yawancinsu a 1946, aka sallame su da 'yan kuɗi kaɗan. Da yawa sun yi ta yawon neman aikin gadi da na masinja, su ne mazan jiya da kakanninmu ke kira 'yan Bama.

Shekarar 1953

Chari bai bar aiki ba sai bayan shekara bakwai. Ranar 2 ga Yunin 1953 yana Landan cikin tawagar sojojin Nijeriya da suka halarci naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, aka yi fareti cikin ruwan sama. A wannan shekara ya yi ritaya, aka ba shi muƙamin kyaftin na girmamawa. Hafsancin da tsari ya hana shi yana cikin aiki, an miƙa masa shi a bakin ƙofar fita.

Zamani ya riga ya juya. Tun 1948 aka fara ba 'yan Nijeriya muƙamin hafsa, kuma a shekarar da Chari ya ajiye kaki ne wani matashi daga tsohon lardin Borno, Zakariya Maimalari, ya fito daga makarantar hafsoshi ta Sandhurst a Ingila. Shi ne ya kai birgediya kafin a kashe shi a juyin mulkin 15 ga Janairun 1966. A 1956 aka sauya wa rundunar suna ta zama Queen's Own Nigeria Regiment, da samun 'yancin kai a 1960 kuma RWAFF ta zama tarihi, bataliyoyinta suka zama ƙashin bayan sojan Nijeriya.

Wuraren da suka yi yaƙi suna nan a allunan barikoki, mutane na wucewa ta gabansu kullum: Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, Mogadishu a Abuja, Letmauk a Ibadan, sai Myohaung da An da Marda da Arakan da Tamandu a Legas. Barikin Dodan, inda shugabannin mulkin soja suka zauna har zuwa 1991, shi ma sunan wani wuri ne a Bama.

Yawancin barikokin da aka sa wa sunan mutum, na janar-janar ne da shugabannin ƙasa. Na Lokoja, garin da Lugard ya ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairun 1900, sunan Chari Maigumeri yake ɗauke da shi, kuma a cikinsa ne ofishin adana bayanan sojojin ƙasa na Nijeriya yake.